Baƙin Mai Na Asali

Mijin yayata bai taɓa gyara ko fitilar hannu ba, amma duk layinmu Injiniya ake ce masa, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan. Aikinsa yankan tikiti a tashar mota. Tagar ofishinsa tana kallon rumfar makanikai, to shekara goma sha biyun da ya yi yana leƙensu ta taga su ne digirinsa. In mota ta wuce tana tari, sai ya karkata kai ya lumshe ido ya ce, "Kafireto ne." In ta wuce lafiya lau, ya ce, "Ku ba ta wata guda, za ta kwanta." Ba wanda ya taɓa bin motar ya gano, saboda haka har yau bai taɓa yin kuskure ba.

Wata Alhamis da safe sai ga shi ya faɗo gidanmu cikin sabuwar rigar makanikai shuɗiya, ko karin guga bai fita ba, ya ce ya zo yi wa babur ɗin Baba juyen mai.

Sai kun san ko wane babur ne kafin ku gane abin da ya sa gabana ya faɗi. Baba rabon wasiƙa ya yi a gidan waya har ya yi ritaya, kuma a kan babur ɗin nan ya yi aikin. Shekararsa arba'in da ɗaya a hannun Baba. Baƙi ne, mai ƙaton tanki da faffaɗar kujerar fata, irin wanda aka daina ƙerawa tun ban shiga makaranta ba. A rumfar tsakar gida yake kwana, lulluɓe da tsohon bargo, mu kuma 'ya'ya mun san iyakarmu: a goge masa ƙura, kada a taɓa komai. Asabar ɗin makon nan gidan waya za su yi taron karrama tsofaffin ma'aikata, sun aiko da takarda musamman suna roƙon Baba ya shigo a kan babur ɗinsa, shi zai buɗe taron. Tun ranar da takardar ta zo ya sa aka fito da tsohon kakinsa aka wanke aka goge. Ya faɗa mana da bakinsa cewa wannan ne hawansa na ƙarshe, daga nan sai ajiya.

Abin da ya ba Injiniya ƙofa shi ne idon Baba. Sati uku da suka wuce an cire masa yana, likita ya hana shi sunkuyo, don haka juyen da ya saba yi da hannunsa bai yiwu ba. Ya sayo galan ɗin mai sabo ya ajiye gefen babur, ya yi magana da tsohon bakaniken bakin titi, abokinsa, mutum ɗaya tak da ya yarda ya ɗora wa babur ɗin sifana. Safiyar nan kuma Yaya ta tafi da Baba asibiti dubawar ƙarshe. Baba ya bar wayarsa a kan taga kamar kullum, ta Yaya kuwa a kashe take. Ni kaɗai aka bari a gidan.

Na ce, "Baba ya ce tsohon bakanike zai zo."

"Na sallame shi."

"Ka sallame shi? Da izinin wa?"

"Na biya ta rumfarsa na ce masa Baba ya fasa. Auta, mutumin nan hannunsa rawa yake yi. Ina suruki a gida, Injiniya guda, a je a kira bare? Me mutane za su ce?"

"Za su ce Baba yana son babur ɗinsa."

"Ke malamar makaranta ce, ki tsaya a kan alli. Ƙarfe ba harkarki ba ce."

Kafin in sami amsa ya yaye bargon, ya turo babur ɗin har ƙofar gida, wai aiki irin wannan haske yake so. Rana ɗaya ce a tsakar gida da waje. Abin da babu a ciki shi ne 'yan kallo, a waje kuwa akwai shagon mai aski dab da mu, ga kafinta a ɗaya gefen, ga mai sayar da kayan babur a tsallaken titi. Kan ka ce kwabo mai aski ya fito da bencinsa, mutum huɗu da ke jiran aski suka biyo bencin.

Injiniya ya shimfiɗa kwali, ya jera sifanu bisa tsayinsu, ya naɗe hannun riga, ya kwanta ya leƙa ƙarƙashin inji. Ya daɗe yana leƙe. Mai aski ya tsuguna ya leƙa tare da shi.

"Injiniya, ai noti biyu ne a nan. Ga ɗaya can gaba a lungu, ga ɗaya nan baya. Wanne ne na juyen?"

"Duk hanya ɗaya suke bi."

"To me ya sa aka yi biyu?"

"Don in ɗaya ya ɓace a sami na canji. Kai dai ka riƙe almakashinka."

Na bayan ya zaɓa, don shi ne hannu ke kai wa ba wahala. Ya sa sifana ya ja. Bai motsa ba. Ya ƙara ja har jijiyar wuyansa ta fito. Kafinta, wanda ya ajiye zarto ya zo, ya ce a hankali, "Kamar fa ɗaurewa kake yi."

"Gwada shi nake yi. Sai an ji ƙarfin noti kafin a kwance shi."

Ya juya sifanar ɗaya ɓangaren, ta zille, hannunsa ya daki ƙarfe, fatar yatsu biyu ta tafi. Ya tsotsi yatsun ya ce bakanike ba ya cika bakanike sai da tabo. Da ƙyar da taimakon guntun famfo notin ya saki, mai ya fara zuba a robar wankina, wadda ya ɗauko ba tare da ya tambaye ni ba. Man ya fito garai-garai, launin zuma, da wani wari mai hawa kai, kuma bai fi kofi biyu ba ya tsaya.

Injiniya ya miƙe da robar a hannu, ya zagaya da ita gaban kowa.

"Kun gani? Kun gani ko? Ku faɗa mini, me ake kiran abin da ake zuba wa inji?"

Wani daga kan benci ya ce, "Baƙin mai."

"Baƙin mai! To wannan baƙi ne?"

"A'a."

"Ya koɗe ke nan. Ƙarfin mai a baƙinsa yake. In baƙin ya tafi, saura ruwa. Ku dubi kuma ɗan abin da ya rage. Da ban zo yau ba, ranar Asabar a tsakiyar titi injin nan zai ƙone da Baba a kai."

Mai aski ya toshe hanci. "Ga wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai."

"Ai ruɓewar ya yi."

Mutanen benci suka gyaɗa kai. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan a rayuwa: in mutum ya faɗi shirme da ƙarfi, sai ka ga masu hankali suna gyaɗa masa kai.

Ya mayar da notin, ya ɗaure shi da guntun famfon har ya yi wani ƙas, sannan ya jawo galan ɗin da Baba ya saya. Ya fasa murfin, ya ɗiga kaɗan a tafin hannu, ya tsaya cak. Ya kalli hannunsa, ya kalli galan, ya kalli tsallaken titi.

"An cuci tsoho."

Na ce, "Me kuma ya faru?"

"Dubi nan. Shi ma fari ne! Sabo dal, amma ba ɗigon baƙi a cikinsa. Jabu aka sayar wa Baba don an ga idonsa ba ya gani sosai."

"Injiniya, tun ina yarinya nake kallon Baba yana juye. Baƙi ke fita, mai haske ke shiga. Kullum haka ne."

"Shi ya sa babur ɗin ya tsufa."

Ya sunkuci galan ɗin ya tsallaka titi, benci guda ya bi bayansa, har da wani da aka aske masa rabin kai yana ɗaure da zanen aski a wuya. Ni ma na bi, don galan ɗin Babana ne.

Mai shagon yana zaune yana goge wani madubi. Injiniya ya dire masa galan a kan kantar shagon.

"Kai ka sayar wa surukina wannan?"

"Ni ne. Shi yake saya shekara da shekaru. Lafiya?"

"Me ya ce ka ba shi?"

"Baƙin mai."

"Wannan baƙi ne?"

Mai shagon ya dube shi, ya dube mu, kamar yana jiran a ce wasa ne. Da ya ga ba wasa ba ne sai ya ajiye madubin.

"Malam, ai suna ne kawai. Sabo haka yake zuwa. Sai ya yi aiki a cikin inji yake baƙi."

"Ka ji ɗan kasuwa! Wato in sayi fari in zauna jiran ya yi baƙi? In na ce ka ba ni baƙin fenti, fari za ka ba ni ka ce in yi haƙuri zai rine?"

"Mai daban, fenti daban."

"Buɗe wani galan mu gani."

"In na buɗe dubu haka za ka gani."

Injiniya ya juyo wajen jama'a yana tafa hannu. "Kun ji da kunnenku! Duk shagon jabu ne, shi da kansa ya faɗa."

Mai shagon ya miƙe ya nuna masa ƙofa da madubin, ya ce in bai fita ba zai koya masa launin mari. Injiniya ya fita yana cewa gaskiya ce ta yi masa zafi.

A hanyar dawowa idonsa ya faɗa kan duron da ke gaban shagon kafinta. Kowa a layin ya san duron nan. Mataccen mai ne da kafinta ke kwasowa daga gareji-gareji, wanda aka juye daga manyan motoci aka zubar, yana shafa wa katakon rufi don kada gara ta ci. Injiniya ya tsoma sanda a ciki ya ɗago. Abin ya biyo sandan baƙi ƙirin, da kauri, yana ɗiga da ƙyar.

"Yauwa! Ga baƙin mai na asali! Kafinta, kana zaune a kan dukiya kana shafa wa katako?"

Kafinta mutum ne mai tsoron Allah, ya yi ƙoƙarinsa. "Injiniya, wannan fa ya gama aiki. Akwai ƙasa a ciki, akwai garin katako. Jiya ma ɓera na tsamo."

"Duk ƙarin kauri ne. Ba ni galan guda, ka riƙe wannan jabun ka shafa wa katakonka."

Kafinta yana da janareta a bayan shago. Ya dubi sabon galan ɗin, ya dubi sama, tsoron Allah ya ɗan ja da baya. Ya ce tunda Injiniya ne ya faɗa, shi wane ne da zai yi musu.

Nan na tabbata bakina ba zai tsayar da mutumin nan ba. Na ɗauke mazurarin Baba na ɓoye a cikin mayafina, na ce ko ba komai zai jinkirta, na bazama neman tsohon bakanike. Rumfarsa a rufe. Maƙwabcinsa ya ce tunda aka ce masa an fasa aikin, ya tafi duba wani injin niƙa a bayan kasuwa. Na tafi bayan kasuwa, aka ce yanzun nan ya wuce wajen masu walda. A can na same shi tsugune yana jiran a ɗinke masa wani ƙarfe. Ina gama ba shi labari ya miƙe tsaye ba tare da ya dafa komai ba, tsoho mai ciwon gwiwa.

"Wane notin ya kwance, 'yata? Na gaba ko na baya?"

"Na baya."

"Man ya fito da haske, yana wari?"

"Sosai."

Ya dafe kai. "Na giya ne ya zubar. Irin baburan nan, inji da tukunyarsa, giya da tata. Ya bar giya a bushe, tsohon man inji kuma yana nan bai taɓa shi ba. Ya tayar?"

"Na ɓoye mazurari."

"Allah ya sa ya isa. Mu je."

Bai isa ba. Injiniya ya yanke gorar ruwan shana ya yi mazurari da ita. Sauran abin da ya faru mai aski ne ya ba ni labari, yana yi yana share hawaye. Wai da ya fara ɗura baƙin kwatar nan ta bakin inji, bai kai rabin galan ba ya cika ya fara tumbatsa, tunda wancan man yana ciki. Mai aski ya ce masa ko akwai wani abu a ciki ne, ya ce iska ce ta tokare. Ya karkata babur ɗin hagu ya ɗura, ya karkata dama ya ɗura, ya jijjiga shi kamar mai auna hatsi ya ƙara. Ɗan ƙarfen da ke jikin murfi, wanda ake tsomawa a ga iyakar mai, ya ce wannan ado ne kawai. Daga nan ya waiwayi sarƙa, ya ga tana da ɗan lilo, ya ce sakaci ne, ya ja ta har ta miƙe tamau, in ka taɓa sai ta yi ƙara. Ya cire matacin iska ya wanke da sabulun wankina ya mayar da shi jiƙe. Da ya gama aka ga ƙananan notuna uku a kan kwali, ya zuba su a aljihu ya ce masu ƙira ne suka yi almubazzaranci.

Sai tayarwa. Ya buga kik sau goma sha ɗaya, a na sha biyu kik ɗin ya dawo ya daki ƙaurinsa, ya yi tsalle da ƙafa ɗaya ya ce alamar inji mai lafiya ke nan. A na ashirin da wani abu babur ɗin ya tashi, ya turnuƙe layin da shuɗin hayaƙi. Masu jiran aski suka watse suna tari. Matar da ta shanya wanki a saman bene ta leƙo tana tambayar gidan wa ke ci da wuta. Injiniya ya tsaya a tsakiyar hayaƙin ya ɗaga hannu.

"Kada kowa ya tsorata! Tsohon ciwo ne ke fita!"

Ya haye, ya ce zai je tasha ya zagaya da shi don man ya ratsa ko'ina. Kowa ya san abokan aikinsa yake so su gan shi.

Mun iso ni da tsohon bakanike muka tarar da kwali, da robata, da tabon mai a ƙasa, ba babur. Tsohon ya zauna a bencin mai aski ya haɗa hannuwa, muka jira. Rabin awa ta wuce, ta kusa awa.

Kunne ya riga ido. Daga can ƙarshen layi muka jiyo wani kuka siriri mai tsinka kai, irin na ƙarfe yana cin ƙarfe. Tsohon bakanike ya runtse ido. Sai ga hayaƙi, sai ga Injiniya ya ɓullo daga ciki. Mai yana feshi daga ƙasan inji, ya yi masa zane daga takalmi har haɓa, shuɗiyar rigar nan ta koma abin da ba shi da suna. Amma yana zaune ƙiƙam, ƙirji a gaba, hannu ɗaya a sama yana gaida mutane. Da ya hango taron ƙofar gida sai ya ƙara wuta, ya taka giya don ya nuna mana gudu.

Giyar ta yi wani ƙaras, tayar baya ta kafe. Babur ɗin ya ja ta a ƙasa taku goma, ya tsaya cak daidai ƙofar kafinta. Injiniya bai tsaya ba. Ya wuce ta saman kan babur ɗin, ya rungumi duron mataccen mai, suka faɗi tare, duron a sama.

Mutane suka ruga. Ni da tsohon bakanike wajen babur muka nufa, kuma ban ji kunyar hakan ba. Yana kwance a gefensa, madubi ɗaya a fashe, akwatin giya yana hayaƙi, ko kusa da shi ba a iya kai hannu don zafi. Can gefe aka ɗaga duron, Injiniya ya tashi zaune, baƙi tun daga gashi har yatsun ƙafa, ido da haƙora kawai ake gani. Ba abin da ya karye a jikinsa. Bakin ma lafiyarsa lau.

"Birki ne. Na faɗa tun farko birkin nan yana da matsala."

Mai shagon tsallake, wanda ya taho da gudu don kada a ba shi labari, ya leƙa fuskarsa ya ce, "Malam, yanzu kam ka samu na asali."

Ana cikin dariyar nan tasi ta tsaya. Yaya ta fito, ta zagayo ta buɗe wa Baba. Yana sanye da baƙin tabarau na asibiti, fuskarsa a sake, takardar likita a hannu, an ce masa idon ya warke zai iya hawa. Dariyar ta mutu lokaci guda, mutane suka dare suka ba shi hanya. Ya tako a hankali har inda babur ɗin yake kwance. Ya cire tabarau, ya duba da sabon idon nasa, ya daɗe yana dubawa. Da a ce yanar tana nan, da ya fi mini sauƙi.

Ya ce da abokinsa tsohon bakanike, "Giya?"

"Giya. Ba ɗigon mai a ciki, ga sarƙa an ja ta kamar igiyar shanya. Sai na buɗe, amma kada ka sa rai."

Injiniya ya matso yana ɗiga. "Baba, ai da ban zo ba..."

Yaya ta juyo ta kalle shi, sauran maganar ta koma ciki. Baba bai ko dubi inda yake ba. Ya mayar da tabarau ya shiga gida.

Ranar Juma'a tsohon bakanike ya buɗe akwatin giya a tsakar gidanmu. Ya zaro haƙoran ƙarfe ɗaya bayan ɗaya ya jera a kan tsumma, sun yi shuɗi don ƙuna, wasu sun narke sun manne da juna. Ya ce injin zai wanku, amma waɗannan ba mai sayar da su, ba mai ƙera su, ya yi shekara ashirin bai ga irinsu ba ko a wajen 'yan gwangwan. Na yi kuka, ban ɓoye ba. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaya ko in an cire sarƙa tayar za ta juya. Aka ce za ta juya. Ya ce a cire, a wanke babur ɗin tas, a sa wani madubin. Ya ce da Yaya ta gaya wa mijinta ya zo gobe ƙarfe takwas, ya sa takalmi mai kyau.

Injiniya ya zo ƙarfe bakwai da rabi cikin farar shadda, bayan kunnensa har yanzu da baƙi. Ya ɗauka sulhu za a yi. Har ya fara gaya wa mai aski cewa tsoho ya gane kuskuren ba nasa ba ne. Sai ga Baba ya fito cikin kakinsa, maɓallai suna ƙyalli, tsohuwar jakar wasiƙa a kafaɗa. Ya haye babur ɗin, ya gyara zama, ya kama kan da hannu biyu.

"Na ce musu a kan babur ɗina zan shigo, kuma ban saba yi musu ƙarya ba. Ka cire masa abin da ke tura shi, to yau kai ne injin. Kama baya."

"Baba, gidan waya fa da nisa. Ko a samo motar ɗaukar kaya?"

"Tura."

Ya tura. Layinmu kaf aka fito. Baba yana zaune tsaf, yana danna hon a kowace kwana, yana miƙa hannu yana ba da alamar juyawa yadda doka ta ce. Ni da Yaya muna biye a ƙafa. Mai aski ya rufe shago ya bi mu, yana tambayar mai turin ko man ya ratsa ko'ina. Hanyar gidan waya ta gaban tasha take bi, kuma Baba bai nemi wata ba. Direbobi da makanikai suka fito suka yi layi. Wani ya ce injin nan yana zafi a zuba masa ruwa, wani ya ce a'a, kafireto ne. Shaddar ta manne masa a baya, numfashinsa kawai ake ji.

A ƙofar gidan waya tsofaffin ma'aikata suna jere a kujeru. Da suka hango kakin da baƙin babur ɗin sai suka miƙe suna tafi, wasu suna kiran Baba da sunan da suka san shi da shi a wurin aiki. Ba su lura da mai turi ba. Wani tsoho mai sanda, wanda suka yi shekara talatin suna raba wasiƙa tare, ya tako ya shafa tankin ya ce, "Kai, yana nan yadda na san shi! Tayar mana da shi mu ji muryar nan tasa. Daga ofis muke gane ka dawo."

Ƙafar Baba ta hau kan kik da kanta. Ta tsaya a can ɗan lokaci, sannan ya sauke ta.

"Ba ya tashi," in ji shi.

Tafin ya yi sanyi. Na ga hannunsa yana shafa gefen tankin, na kau da kai don kada ya ga fuskata. A cikin shirun nan ne Injiniya ya ɗago daga bayan kujera, yana haki, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Baba, ni a ganina... in aka bar ni... na duba filogi..."

Baba ya waiwayo, ya dube shi ta saman tabarau, karo na farko tun ranar Alhamis.

"Adana numfashinka. Komawa hawan tudu ne."